Ranar Allurar Ɗiyan Alade

Éphraïm bai bar wa Germaine abu mai yawa ba. Ɗaki biyu ne a bayan majami'a cikin Dogon Dutsi, sai ɗiyarsu Ornella da ke karatu a Dosso, sai wata farar aladiya mai ɗigon baƙi a ido ɗaya, wadda yake kira Gimbiya. Ya rasu bayan idin Paska, zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi, ya tafi ya bar Gimbiya da ciki. Da damina ta zauna ta haifi tara. Germaine ta ƙirga su, ta sake ƙirgawa, sannan ta zauna bakin shinge ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba ranar jana'iza saboda yawan mutane.

Tsoronta ɗaya ne, tari. Bara da ruwan farko ya shigo unguwa. Busasshen tari ne. Ɗan alade zai zauna kan gindinsa kamar kare, cikinsa yana bugawa, gashinsa ya tashi, ya juya wa dusa baya. Wanda bai mutu ba sai ya tsumbure, ya yi wata shida yana ci bai ƙaru ba. Goma sha ɗaya Gimbiya ta haifa a lokacin, Éphraïm ya rufe bakwai da hannunsa. Likitan dabbobi ya ce ƙwayar cuta ce ke cin huhu, kuma akwai allurar riga-kafi da ake yi musu tun suna ƙanana, sai dai ba a sayar da ita a nan. Daga ranar Éphraïm ya kama rubuta wasiƙa zuwa ga wani furoje mai taimakon masu kiwo a Yamai. Ya rubuta, ya rubuta, har biro biyu suka ƙare.

Amsa ta zo bayan an rufe shi da wata uku, da sunansa a bayan ambulan, ana taya shi murna. Za a aiko kwalba ɗaya mai allura ashirin, ta ɗiyan alade masu mako uku. A makon nan ne ɗiyan Gimbiya suka cika mako uku cif.

Ran Lahadi bayan sujada ƙungiyar masu kiwon alade ta unguwa ta zauna ƙarƙashin itacen bedi, gida goma sha huɗu. Firzidan ɗinsu, wato shugaba, Baba Sulemanu ne, tsohon mushe da ya yi shekara talatin yana koyar da yara a lakwal, makarantar boko, wanda har yau in ya gama magana yakan ɗan dakata, yana jira a amsa masa gaba ɗaya. Kusa da shi Ulrich ne, sakatare, tsohon ɗan ajinsa, da kaye, littafin rubutu, a kan gwiwa.

A unguwar nan duk abin da za a raba, bisa girma ake raba shi. Irin wake, gidan sauro, naman Nowel, har wurin zama a inuwa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Saboda haka da aka karanta wasiƙa aka tafa, Baba Sulemanu bai ɓata lokaci ba.

"Ulrich, rubuta. Na ɗaya, ni. Kwamanda."

Kwamanda ƙaton alade ne mai shekara bakwai, haƙora biyu a waje, wuyansa kamar turmi. Ya taɓa korar jaki da amalanke har bakin godoro, titin kwalta.

"Na biyu, Dattijo Abdullahi, guda uku. Na uku, Dattijo Rabilu, huɗu."

Haka aka yi ta saukowa. A kan suna na bakwai ashirin ta cika, kuma a cikinsu babu aladen da bai kai a yanka ba. Germaine ta ɗaga hannu kamar ƴar lakwal.

"Baba, ni fa?"

Ulrich ya sa ido cikin kaye bai ɗago ba. "Maman Ornella, sunan marigayi ne na biyar, amma mun ja masa layi. Ke kin shigo sabuwa. Ke ce ta goma sha huɗu."

"Aladiyar kuwa ita ce dai ta da."

"Sunan da ke takarda shi ke aiki, ɗiyata," in ji Baba Sulemanu. "Ba mu muka ɗauke shi ba, Ubangiji ne."

"To Baba, wasiƙar ta ce ɗiya ƙanana. Masu mako uku."

"Na ji abin da ta ce. Da Faransanci aka rubuta ta, kuma ni na koya wa rabin garin ga Faransanci. Waɗanda sunka rubuta ta ba su san girma ba. A gidan ubanki, yaro ne ke fara sa hannu cikin akushi?"

"A gidan ubana mu ba aladu ba ne, Baba."

Bénédicte, maƙwabciyarta mai ɗiyan alade bakwai, wadda ita ce ta goma sha biyu, ta tuntsire da dariya, sai ta mai da ita atishawa. Baba Sulemanu ya dube ta ta saman tabarau har ta natsu.

Germaine ta sassauta murya. "Kwamanda fa ko sau ɗaya bai taɓa tari ba."

"Shi ne nike faɗi. Wanda ya yi shekara bakwai bai yi tari ba, bai cancanci a saka masa ba? Sai waɗanda sunka zo duniya shekaranjiya?"

Dattijai suka gyaɗa kai, suka ce wannan magana ce. Aka wuce zuwa tambaya ta gaba: wa zai soka allurar? Duk wata allura da aka taɓa yi wa alade a unguwar, Éphraïm ne ya yi ta. Ulrich ya ce shi hannunsa na biro ne. Dattijo Abdullahi ya ce idonsa ba ya ganin abu siriri. A ƙarshe aka tuna cewa shekara goma sha takwas Germaine tana tsaye kusa da mijinta, tana miƙa masa sirinji, wani lokaci ma ita ke sokawa in yana gona. Ba wanda ya ce ita sabuwa ce a wannan karon. Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda. Ita ce za ta bi gida gida tana soka wa aladun mutane har kwalba ta ƙare.

A hanyar gida Bénédicte ta kasa haƙuri. "Yaya, kwalba tana shiga hannunki ki sa ta cikin zane ki ruga. Ni zan tare ƙofa, in ga dattijon da zai ture ni."

"In ruga in je ina, Bénédicte? Gobe ma nan zan wayi gari. Su ne sunka haƙa wa mijina kabari."

Ran Litinin ta tafi wurin Mahmudu, likitan dabbobin da furoje ya ɗora wa kawo maganin. Yana da ɗan shago kusa da tasha, cike da kwalabe da warin magani. Mutum ne mai sanyin hali, gemunsa a gyare, wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya ba ta benci, ya yi mata ta'aziyya karo na biyu, ya saurare ta har ta gama.

"Gaskiyarki, Madam. Manya sun riga sun gamu da ciwon, sun wuce shi. Yi musu allurar nan zubar da magani ne."

"To zo ka faɗa musu, Likita."

Ya sosa ƙeya. "Ni baƙo ne cikin maganarku. Aikina in kawo kwalba da sanyinta, in koma da ita wofi, da lamba ashirin a takarda. Takardar wuri ɗaya gare ta: kai nawa. Ba ta tambayi shekaru ba."

"Ai za ka gani da idonka."

"Ba zan gani ba, don ba ni shiga." Ya leƙa waje, ya rage murya. "Ba wulaƙanci ba ne, Madam. In aka gan ni cikin ɗakin alade yau, gobe daga nan har Dumega ba Bafillacen da zai bar ni in taɓa saniyarsa. Suna ne zai bi ni har kabari."

"To yaya za ka san an yi?"

"Ina da kunne. Duk aladen da aka soka sai ya yi ƙara. Ina bayan katanga ina jan layi."

Ya ƙara da cewa in an huda kwalbar a ranar za a ƙare ta, kuma kada a bar ta ta sha zafi. Germaine ta hau kabu-kabu ta koma gida. Ta tarar ɗiyan Gimbiya tara sun jeru suna shan nono, suna ture juna, kunnuwansu jajaye don hasken rana. Ta daɗe tana dubansu.

Ran Talata an yi ruwa da asuba, gari ya waye da laka. Mahmudu ya iso da moto, akwatin ƙanƙara a ɗaure a baya. Ya ajiye akwatin ƙofar gidan Baba Sulemanu, ya ja da baya, ya samu dutse a bayan katanga ya zauna da takardarsa. Ƙungiya ta hallara. Baba Sulemanu ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, da hula, da takalmi mai ƙyalli, don an ce furoje yana son hoto. Ya yi jawabi a kan ci gaba. Ulrich ya ɗauke shi hoto riƙe da kwalba, ya sake ɗauka don na farko ido a rufe yake.

Aka shiga gida. Germaine ta kaɗa kwalbar, ta huda ta, ta ja daidai layin da aka nuna mata. Kwamanda yana kwance cikin lakarsa, ya buɗe ido ɗaya. Inna Shatu, matar Baba Sulemanu, ta fito daga madafa tana ɗaure zane a ƙugu, za ta shiga ta riƙe shi kamar yadda take yin komai na aladen nan.

Germaine ba ta zo da wata dabara daga gida ba. Ganin tsohuwar tana naɗe zane ne kawai ya sa maganar ran Lahadi ta hau bakinta.

"Inna, dakata. Sunan wa ke takarda?"

Ulrich ya duba. "Sulemanu, firzidan."

"To Baba ne zai riƙe. Sunan da ke takarda shi ke aiki. Kuma alade babba irin wanga, na ɗaya a layi, ai bai kamata mace ta kama masa kunne ba."

Dattijai suka dubi juna. Maganar ba ta da wurin kamawa, don tasu ce. Inna Shatu ta kwance zanenta, ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna a inuwa.

"Shekara bakwai nike ba shi dusa safe da yamma," in ji ta. "Malam bai taɓa leƙa shi ba sai in baƙo ya zo. Yau dai ku gaisa."

"Ba wani abu ba ne," in ji Baba Sulemanu. "Na riƙe aji mai yara tamanin."

Ya tattare riga ya ɗora a kafaɗa, ya tsallaka shinge. Takalmin dama ya nutse, ya ciro ƙafa ba takalmi. Ya yi wa Kwamanda magana da Faransanci, da muryar da yake tsai da aji. Kwamanda ya miƙe. Bai san mutumin nan ba, bai kuma ga dusa a hannunsa ba. Da Baba Sulemanu ya kai hannu ga kunnensa, sai ya saki wata ƙara da ta tayar da kajin gida uku.

"Ɗaya!" in ji Mahmudu daga bayan katanga.

Kwamanda ya zagaya shinge, Baba Sulemanu yana biye. Sannan Baba Sulemanu ya zagaya shinge, Kwamanda yana biye. Hula ta faɗi, aka taka ta. Dattijai suna waje suna ba da shawara: kama wutsiya, a'a kama ƙafa, rufe masa ido da riga. Aladen ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya ɗauke shi, suka yi zagaye ɗaya tare, firzidan yana kallon baya, kafin a sauke shi cikin kwatamin ruwa.

"Bakwai!" in ji Mahmudu. "Madam, hannunki da sauri!"

"Ko ɗaya ba a yi ba, Likita," in ji Bénédicte, tana share hawaye da gefen kallabi.

"To ƙarar nan ta ƙarshe fa? Wannan kam an soke shi."

"Firzidan ne."

Sai aka ji biro yana goge layi a bayan katanga.

Germaine ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan akwatin ƙanƙara, wanda rana ta fara taɓawa. Ta yi zaton tsohon zai fito ya ce ya yafe. Ba ta san shi ba. Ya tashi daga kwatami, shadda ta koma launin tukunya, tabarau ya rataye a kunne ɗaya, ya sake nufar aladen. Da Inna Shatu ta ga abin zai kai ga asibiti, sai ta tashi ta zuba dusa a kasko ta tura ta ƙarƙashin shinge. Kwamanda ya tsaya cak ya sa baki. Baba Sulemanu ya faɗa a bayansa, ya rungume wuya.

"Soka, ɗiyata! Soka!"

Ba yadda za ta yi. Ta tsallaka ta soka. Allurar gajera ce, ta ɗiya ƙanana, ko kitsen wuyansa ba ta ƙetare ba. Kwamanda bai ma ɗago kai daga kasko ba.

"An yi, Likita," in ji Ulrich.

"Ban ji komai ba."

"Wallahi an yi."

"To, ɗaya. Amma ku sani kafin azahar ana jira na a Kore Mairuwa, shanu ɗari biyu."

Baba Sulemanu ya fito, laka tana zuba daga gemunsa, ya tsaya ƙyam kamar ranar rabon sakamako. "Na biyu! Dattijo Abdullahi, guda uku."

Aladun Dattijo Abdullahi ukun nan ɗiyan Kwamanda ne, kuma sun gado halin ubansu. Dattijon ya dubi firzidan tun daga sama har ƙasa, ya dafa ƙugu. Ya ce tun daren jiya bayansa ke masa wani iri, a wuce ga na uku. Dattijo Rabilu ya ce shi bai taɓa shiga gaban yayansa ba, ba kuwa yau zai fara ba. Na huɗu ya ce nasa sun ci sun ƙoshi, bai kyautu a tashe su ba. Wani daga baya ya tuna da wa'azin da aka yi kan tawali'u, kowa ya ce lalle wa'azin ya ratsa shi.

"Ba mai tsallake layi," in ji Baba Sulemanu. "Ni na shiga. Kowa zai shiga."

Aka tsaya nan. Dattijai ba za su shiga ba, ba kuma za su yarda a ce an ba na ƙasa da su kafin su ba. Rana tana hawa. Germaine ta buɗe akwatin, ta ga ƙanƙara ta zama ruwa, ƴan gutsattsari ne kawai ke yawo a ciki. Allura goma sha tara ce a kwalbar, kuma zuwa yamma ba za su amfani kowa ba. Ta rufe akwatin, ta matsa gaban firzidan ta durƙusa cikin laka.

"Baba, ina da tambaya, ku ne masana. In aka kai wa babba akushi, dole ne sai ya cinye? A gidan ubana yakan sa hannu ya taɓa, sannan ya tura wa yara. Ba wanda ya taɓa cewa yara sun riga shi."

Dattijo Abdullahi ya manta da ciwon baya, ya yi tsalle ya matso. "Haka ne! Haka munka taras! Babba shi ke sa albarka, yara su cinye."

"Al'ada ce tun kaka da kakanni," in ji Dattijo Rabilu.

Baba Sulemanu ya so ya ƙi, don ba daɗi mutum ya sha laka shi kaɗai. Amma ya duba ya ga a wannan tsari shi ne kaɗai aladensa ya samu allura ta gaske, sauran sai taɓa kwalba. Ya gyara tabarau.

"Ulrich, rubuta gaban kowane suna: ya karɓa, ya ba yara."

Germaine ta ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Tunda karɓa za a yi, sai an karɓa da hannu. Aka ciro kwalba daga ruwan sanyi aka ba Dattijo Abdullahi, ya riƙe ta a ƙirji, Ulrich ya ɗauki hoto, ya yi jawabi a kan kyauta. Ya miƙa wa Dattijo Rabilu, wanda ya damƙe ta cikin tafinsa mai gumi ya fara ba da labarin wata shekarar yunwa da ya raba damin hatsinsa biyu. Labarin yana da rassa. Germaine tana durƙushe, hannu biyu a miƙe kamar mai jiran sadaka, tana kallon kwalbar tana tafiya daga tafi zuwa tafi.

"Ina kwalbar take?" in ji Mahmudu daga waje. "Tana cikin akwati dai ko?"

"Tana hannun dattijai, ana sa mata albarka," in ji Bénédicte.

"Inna lillahi! Magani ne fa, ba jariri ba! Ku mai da shi cikin sanyi!"

Na shida ya taƙaita. Na bakwai ya buɗe baki zai fara, Germaine ta ce, "Amin, Baba, na gode," ta zare kwalbar daga hannunsa ta jefa cikin akwati, ta ɗora a ka. Mace mai takaba ba ta gudu a titi, amma tafiyar da ta yi ran nan ba ta da nisa da gudu. Bénédicte tana biye, Mahmudu yana tura moto a bayansu, ya bar tazarar da mai kallo zai ce hanya ce kawai ta haɗa su.

A gida suka tare Gimbiya a lungu da tsohon ƙyaure, tana huci tana dukansa da hanci. Bénédicte ta riƙa kamo ɗiyan ɗaya bayan ɗaya, ta manna a ƙirji, ta karkatar da kai. Germaine ta lalubi naman wuya a bayan kunne, inda Éphraïm yake sa babban yatsa, ta soka, ta tura a hankali, ta shafa masa shuɗin bula a baya don kada a maimaita. Waɗannan kam sun yi ƙarar da ta dace, siririya mai tsini, kuma Mahmudu yana bayan katanga yana ƙirgawa da jin daɗi.

"Shida. Bakwai. Yauwa, wannan shi ne aiki. Takwas."

Takwas ɗinsa bakwai ne na Gimbiya, don Kwamanda yana ciki. Aka yi wa na takwas. Saura ɗaya, ƙaraminsu, wanda ya lafe a kusurwa bai gudu ba da aka zo kama shi. Bénédicte ta ɗauke shi. Germaine ta ja magani, ta kai hannu bayan kunnensa. Sai ya yi wani ɗan sauti, sau biyu, kaf kaf.

"Tsaya, Madam," in ji Mahmudu. Muryarsa ta sake. "Wannan ba ƙara ba ce."

"Ƙura ce ya shaƙa."

"Wace ƙura da damina? Ɗago shi in gani."

Ta ɗaga shi bisa katanga da hannu biyu. Mahmudu ya dubi titi hagu da dama. Ba kowa sai wata mai fura can nesa, ta ba su baya. Ya sa hannuwansa a baya, ya matso, ya karkata kai har kunnensa ya kusa taɓa haƙarƙarin ɗan aladen, ya tsaya haka yana saurare. Ya daɗe.

"Ya riga ya kamu. Riga-kafi ba ta yi masa komai yanzu."

"Ko rabi ne, Likita. Ai akwai saura."

"Ko duka kika zuba masa. Raba shi da ƴan'uwansa yanzu-yanzu, kada ya kwana tare da su." Ya buɗe jakarsa, ya ja wani magani mai launin zuma cikin sabon sirinji, ya ajiye bisa katanga, ya janye hannu. "Wannan na masu ciwo ne. Kashi uku, kwana uku. Ban yi miki alkawari ba. Su kuma takwas ɗin sai an yi mako uku kafin allurar ta kama jikinsu, ki sa kunne."

Suka wuce gidan Bénédicte aka yi wa nata bakwai, sauran aka kai wasu gidaje biyu masu ƙanana. Mahmudu ya karɓi kwalba wofi da gefen takarda, ya rubuta ashirin, ya hau moto.

Germaine ta shimfiɗa wa ƙaramin buhu a madafa kusa da murhu, tana ba shi kunu da cokali. Ran kwana na huɗu da hantsi ta dawo daga rijiya ta tarar ya mutu, ya miƙe. Ta ɗauki fartanya ta rufe shi a bayan ɗaki, ba ta faɗa wa kowa ba sai Bénédicte. Da Ornella ta kira ta a waya, ta ce mata takwas ne, ba ta ce tara ne da ba.

Mako ukun nan kullum tana bakin shinge da kwanon dusa, ba ta zubawa sai ta gama saurare. In ɗaya ya yi atishawa sai ta matso ta sake kasa kunne. Ta ji gurnani, ta ji faɗa kan nono, ta ji suna tona laka. Ba ta ji tari ba. Suka wuce wata biyu, suka fi ƙarfin kamu da hannu ɗaya, suka fara karya mata shinge, tana gyarawa tana zaginsu da sunan uwarsu.

Tarin da aka ji a unguwa a daminar nan daga gidan firzidan ya fito, don ruwan kwatami bai yi wa ƙirjin Baba Sulemanu daɗi ba. Ya yi wata guda ana jin sa har majami'a. Wata safiya Inna Shatu ta leƙo gidan Germaine, suka gaisa, ta dubi takwas ɗin suna ture juna kan kasko.

"Maman Ornella, kwalbar nan dai ba sauran ko ɗigo? Malam ya hana ni barci."

"Ta ƙanana ce, Inna."

"Ai na sani," in ji tsohuwar. "Shi ne ya aiko ni. Ya ce shi ne na ɗaya a takarda."